Karen da muka ɗauka amana ne, kada mu kashe shi da tuwo

Jama'a, mun san wasu daga cikin iyayenmu za su yi mamakin ganin matasa sun ɗauko zancen kare a wannan fili. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A nan Gaithersburg ta jihar Maryland akwai gidajenmu da ƙannenmu haifaffun Amurka suka shigo da ƙananan karnuka, akwai kuma 'yan'uwanmu mata masu aikin jinyar tsofaffi gida-gida, waɗanda ciyar da karen gidan ke faɗawa hannunsu. Hukuncin ajiye kare mun bar wa malamai, su ne masu wannan fage. Abin da muke cewa shi ne duk wanda dabba ta shiga hannunsa, haƙƙinta ya hau wuyansa.

Abin da ya jawo wannan rubutu kuwa shi ne wani ɗan ƙaramin kare a gidan wani ɗan'uwanmu, wanda ya yi ƙiba har ba ya iya hawa matakalar bene sai an ɗauke shi. Da muka bincika sai muka tarar ba mugunta ba ce, tausayi ne ya yi yawa. Yara su ba shi abincinsa, Hajiya ta ƙara masa ragowar tuwo da miya don kada a yi almubazzaranci, maigida kuma ya jefa masa kitsen tsire.

A gida Nijeriya ko Nijar hakan ba ya zama illa sosai, domin karen farauta ko na gadi yini yake yi yana yawo, abin da ya ci ya ƙone. Na nan kuwa yana kwance kan kujera tun safe har masu gida su dawo aiki. Kare mai nauyin kilo 5 in ya ƙara rabin kilo kacal, daidai yake da mutum mai kilo 70 ya ƙara kilo 7. Wannan nauyi shi ke jawo ciwon gaɓoɓi da wahalar numfashi. Bugu da ƙari, albasa da tafarnuwa da ba ma rabuwa da su a miya guba ne ga kare, suna lalata masa jini, kitse mai yawa kuma na iya kwantar da shi ciwo mai tsanani.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Binciken da wata ƙungiyar yaƙi da ƙibar dabbobin gida ta yi a 2022 ya nuna kashi 59 cikin ɗari na karnukan Amurka sun wuce nauyin da ya kamata. Wani binciken da kamfanin Purina ya gudanar kan karnuka 48, aka buga a 2002, ya gano waɗanda aka rage wa kashi ɗaya cikin huɗu na abinci sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu.

To mene ne abin yi? Da farko a kai shi wurin likitan dabbobi ya auna shi, domin akwai cututtukan da ke kawo ƙiba ba tare da yawan ci ba. A gida kuma a shafa gefen ƙirjinsa: in ba a jin haƙarƙarinsa sai an danna, to ƙiba ta samu. Sannan a daina zuba abinci da ka, a riƙa aunawa a sikeli, kuma mutum ɗaya ne zai ɗauki nauyin ciyarwa a gidan. Ɗan abin marmari kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abincin yini, kuma yankan karas ya fi biskit. Kada kuma a sa shi azumin dole. Likitoci na so ya riƙa rage kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a mako, sannu ba ta hana zuwa.

Sai batun motsa jiki, kuma a nan ne muke kira ga 'yan'uwanmu matasa. Wanda ya yi kuka a kawo masa kare, shi ya kamata ya ajiye waya ya fita da shi. A fara da minti 10 safe da yamma, a riƙa ƙarawa. Ga dajin shaƙatawa na Seneca Creek da tafkin Clopper nan kusa da mu, sai dai a riƙe shi da igiya kamar yadda doka ta tanada, kuma ga ƙaramin kare ɗamarar ƙirji ta fi ta wuya. Da bazara a guji tsakar rana.

Wani zai ce mutane na fama da yunwa a gida, mu muna lissafin abincin kare. Gaskiya ne, kuma wannan ma hujja ce a kanmu, domin ƙaramin kare mai ƙiba shaida ce ta abincin da muke dafawa fiye da buƙata. In mun rage tukunya, abin da ya saura a aljihu sai a aika gida. Wanda kuma ya ga ba zai iya riƙon ba, ya nemi shawarar cibiyar kula da dabbobi ta gundumar Montgomery da ke Derwood, ya fi ya bar dabba tana nishi a ɗaka.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.