SA HANNUN GWAMNA YA ZAMA ƘANGI A WUYAN TALAKA DA ƊAN KASUWA

Ran 29 ga watan Maris 1978 ne Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, watau dokar soja mai lamba 6 ta wannan shekara. Sashenta na farko ya danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, wai ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. A lokacin an gaya wa jama'a cewa manufar ita ce a karya 'yan kashe-mu-raba masu saye filaye suna jibgewa, a kuma sauƙaƙa wa talaka samun inda zai kafa bukka. To, amanar nan ta daɗe a hannun masu riƙo, lokaci ya yi da za a tambaye su abin da suka yi da ita.

Tushen dokar ba baƙo ba ne a Arewa, gama Turawan mulkin mallaka sun kafa irinta a 1910, sa'an nan Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1962. Abin da soja suka yi shi ne shimfiɗa wannan tsari har bakin teku. Saboda haka Bahaushen da ya yi gumi ya gina gida a Agege ko a Sabo ta Badun, da Bayarben da ya gāji gidan kakanninsa a Ikko, duk sun zama masu izinin zama kawai, galibi na shekara 99 ga wanda aka yanka wa takarda.

Babbar masifar tana cikin sashe na 22. Sashen ya haramta wa mai wannan izini ya sayar, ko ya jinginar, ko ya ba da sufurin filinsa sai da yardar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka ƙulla ba bisa wannan ƙa'ida ba, rusasshe ne. A ɗauki misalin mai masaukin baƙi da ke son ya ƙara ɗakuna, ko mai gidan abinci da ke neman faɗaɗa wurinsa. Ba shi da wata kadara da ta wuce ginin nan, banki kuwa ba ya ba da rance sai da jingina. Tilas ya ɗauki takardunsa ya nufi Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo, ya biya kuɗin neman yarda, da kuɗin hatimi, da kuɗin rajista, sa'an nan ya zauna jiran fayil ya tashi daga wannan tebur zuwa wancan. Dokar ba ta yanka wa gwamna ko kwana ɗaya na wa'adi ba. Kafin sa hannun ya fito, farashin siminti ya tashi, rancen ya zama labari. Wanda ke da uwa a gindin murhu kuwa, shi ba ya cin tuwonsa gaya.

Kotun Ƙoli da kanta ta nuna irin ɓarnar da ke ciki a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Mutum ya jinginar da gidansa na Ikko aka karɓi rance, da banki ya tashi sayar da gidan sai ya garzaya kotu ya ce ai ba a nemi yardar gwamna ba. Kotu ta yanke cewa jinginar rusasshiya ce. Tun daga nan bankuna suka sha jinin jikinsu, ƙaramin ɗan kasuwa mai gaskiya shi ya kwashi kashinsa a hannu.

Haka kuma sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izinin kowa da sunan bukatar jama'a. Diyyar da ake biya ta gini ce da shuke-shuke, ita ƙasar kanta ba a sa mata farashi. In mutum ya ga an tauye shi wajen lissafi, dokar ta tura shi gaban kwamitin rabon filaye, wanda gwamnan ne ya naɗa shi. Ashe kura ce ta ci akuya, kura ce kuma alƙali!

Masu kare dokar suna cewa in an saki linzami attajirai za su haɗiye filayen talakawa. Amsa ita ce a zaga unguwannin manya na kowane babban birnin jiha a duba sunayen waɗanda aka yanka wa fulotai. Ba a taɓa jin attajiri ya kwana a bakin ofis yana jiran sa hannu ba.

Soja kuwa kafin su koma bariki sai da suka ɗaure dokar a jikin Tsarin Mulki na 1979, na 1999 ma ya gāje ta a sashe na 315. Ba ta gyaruwa sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattijai da ta Wakilai, da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran sha'anin ƙasa a 2009 a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma ya rasu a 2010 gyaran bai tabbata ba. Dalili ba ɓoyayye ba ne: majalisun jihohi suna tafin hannun gwamnoni, gwamna kuwa ba zai saki sandar da yake saka wa magoya baya da ita, yake kuma horon 'yan hamayya ba.

Saboda haka wajibi ne a zare dokar daga Tsarin Mulki, a soke neman yarda a kan jingina da sufuri, a yanka wa'adin da in ya cika ba amsa za a ɗauka gwamna ya yarda, a kuma mayar da gardamar diyya gaban kotu sosai. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a kasuwa ko a Sabo, a tsare shi ya faɗi matsayinsa a kan sashe na 22 kafin a ba shi wurin zama.