Ƙarar Babur Ba Ita Ce Ƙarfinsa Ba

Kullum muna jin gardamar nan a bakin ƙofar makaranta: tsakanin Boxer da Honda CG125, wanne ya fi ƙarfi? Mu fara da lambar. Ita cc ma'aunin girman cikin silinda ce, kuma cc 1,000 lita ɗaya ke nan. Injin cc 125 yana ƙona mai da iska fiye da na cc 100 a kowane bugu, shi ya sa ya fi jan kaya da hawan tudu.

Sai gyare-gyaren da samarinmu ke yayi. Fasa salansa hayaniya kawai yake jawowa. Cire matatar iska yana ba ƙurar hunturu hanya ta cinye fistin. Sa babban siforaket a baya yana ƙara ja, amma gudu ya ragu.

Abin da muke mantawa shi ne birki. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da babur ke ci kafin birki ya tsayar da shi takan ninka huɗu.

Don haka, ƙannenmu, canjin baƙin mai a kan kari da gyaran birki sun fi kowane kwaskwarima. Mu jira shekara 18 mu yi lasisi, mu sa hular kwano.