Shin Matsoraci Ba Ya Zama Gwani? Darasi Daga Masu Dira da Laima

Hausawa na cewa matsoraci ba ya zama gwani. Da wannan karin magana ake renon ’ya’ya maza a Gwammaja da sauran unguwannin birnin Kano, a dandali da makaranta da wurin koyon sana’a. Akwai gaskiya a cikinsa, sai dai fassarar da ake yi wa yara ta jawo ɓarna, domin yaro yakan tashi da imanin cewa jin tsoro kansa abin kunya ne, kuma namijin ƙwarai shi ne wanda gabansa ba ya faɗuwa. Binciken kimiyya ya saɓa wa wannan fassara. Ya nuna cewa gwani ma da tsoro ya fara, kuma abin da ya raba shi da wanda ya kasa shi ne yadda ya koyi aiki alhali tsoron yana tare da shi. Babu wurin da aka ga wannan ƙarara kamar bakin ƙofar jirgin sama, inda sabon ɗalibi yake tsaye da laima a bayansa yana jiran a ce ya dira.

Zancen bai yi nisa da mutanen Kano ba. A wannan birni jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, ranar 1 ga Nuwamba, 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar. Yaron da ya tashi a gindin Dala ya saba ganin jirage suna wucewa zuwa filin jirgi na Malam Aminu Kano. Hanyar da ta fi kai saurayin ƙasar Hausa ga dira da laima kuwa ita ce aikin soja, musamman a Jaji, tsakanin Kaduna da Zariya, inda rundunar sojan ƙasa ke ba da wannan horo. Saboda haka tambayar yadda sabon shiga zai yi da tsoronsa ta shafi ’ya’yan gida.

Abin da ke jiran mai dira

Dira da laima tsohuwar fasaha ce. A ranar 22 ga Oktoba, 1797, wani Bafaranshe mai suna André-Jacques Garnerin ya sauko da laima daga balan-balan a birnin Faris. A 1919 kuma Leslie Irvin ya dira daga jirgi a Amurka, ya faɗo na ɗan lokaci sannan ya ja igiyar buɗe laimar da hannunsa. Daga nan aka sami hanyoyi biyu. A ta soja, ana ɗaure igiyar laimar da jikin jirgi, ta buɗe da kanta cikin ’yan daƙiƙu, kuma sababbin ɗalibai sukan dira daga tsawon da bai wuce mita 400 ba. A ta wasa, ana tashi zuwa kimanin mita 4,000, mutum ya faɗo kusan minti ɗaya kafin ya buɗe laima. Gudun faɗuwarsa yakan ƙaru na wajen daƙiƙa 12, sannan ya tsaya a kimanin kilomita 200 a awa, saboda iskar da ke tokare jikinsa ta yi daidai da nauyinsa.

Duk wanda aka gaya wa haka bai ji komai ba, to bai fahimci abin da aka faɗa ba. Ɗan Adam ba halittar sama ba ne, kuma jikinsa ya san illar faɗuwa tun yana rarrafe.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, ɗaya a kowane gefe, da masana ke kira amigdala. Aikinsa gadi ne. Da zarar ido ya hango haɗari, wannan mai gadi yakan buga kuge tun kafin sashen tunani ya gama auna lamarin. Nan take saƙo ya isa ga wasu ’yan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda, su saki sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, har bugunta ya iya ninka na lokacin hutu. Numfashi ya yi sauri, hanta ta saki sukari, jini ya janye daga fata da hanji ya koma ga tsokoki. Wannan ne dalilin bushewar baki da sanyin tafin hannu da juyawar ciki. Masanin aikin jiki Walter Cannon na Jami’ar Habad ya bayyana wannan tsari a 1915, ya nuna cewa jiki ne ke shirin faɗa ko gudu.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan alamomi da mutum ke zaɓa. Kamar yadda ba a zargin mai atishawa, haka bai kamata a zargi wanda gwiwarsa ta yi rawa ba. Matsalar tana zuwa ne idan tsoron ya wuce kima. A lokacin hankali yakan ƙuntata, mutum ya kasa riƙe abu biyu a ransa, ya manta abin da aka koya masa jiya, wani ma ya daskare wuri ɗaya. Ga wanda ke faɗowa mita 50 da ’yan kai a kowace daƙiƙa, daskarewa ta fi tsoron kanta haɗari.

Abin da bincike ya gano

A shekarun 1960, Seymour Epstein da Walter Fenz na Jami’ar Masacusets sun bi masu dira da laima tun daga ƙasa har cikin jirgi, suna auna bugun zuciyarsu da numfashinsu da gumin fatarsu. A sakamakon da suka buga a 1967, sun ga cewa tashin hankalin sabon shiga yana ta hauhawa ne har zuwa lokacin da zai dira. Na ƙwararru kuwa yakan tashi da wuri, sannan ya fara sauka yayin da lokacin dira ke matsowa. Wato gwani bai rabu da tsoro ba, ya dai koyi jin sa tun da sauran lokaci, sa’ad da zai amfane shi wajen duba kayansa, don hankalinsa ya kasance a kwance a daidai lokacin da ake bukatarsa.

A ƙasar Norwe kuma, Holger Ursin da abokan aikinsa sun auna jinin sojoji masu koyon dira daga hasumiyar horo, suka buga sakamakon a 1978. A ranar farko sinadaran tashin hankali sun yi sama ƙwarai. Cikin ’yan kwanaki, da ɗaliban suka ga sun dira sun tashi lafiya, sinadarin kotizol ya koma kusa da yadda yake a da. Hasumiyar ba ta rage tsawo ba, abin da ya sauya shi ne sanin da ɗalibi ya yi cewa yana da abin yi a kowane mataki. A shekarar ce kuma masanin halayyar ɗan Adam Stanley Rachman ya bambanta abu biyu da jama’a ke haɗawa: rashin tsoro, wanda mutane kaɗan ne ke da shi, da jarumtaka, wadda ita ce ci gaba da aiki duk da tsoro. Ta biyun ita ake koyarwa, kuma kusan kowa na iya koyonta.

Yadda ake sarrafa shi

Hanya ta farko ita ce sani. Tsoro yana ƙiba ne a cikin duhu. Ɗalibin da ya san cewa yana ɗauke da laima biyu, babba da ta ko-ta-kwana, kuma ya san cewa a kayan wasa na zamani akwai na’ura mai buɗe ta biyun da kanta idan mutum ya kusa ƙasa yana gudu, irin CYPRES da aka fito da ita a Jamus a 1991, ba zai yi daidai da wanda aka ce masa kawai ya yi ta maza ba. Ƙididdiga ma tana taimakawa. Ƙungiyar masu dira da laima ta Amurka ta ba da rahoton mutuwar mutum 10 a cikin dira kimanin miliyan 3.65 a 2023. Haɗari yana nan, amma ya gaza abin da zuciya ke rayawa.

Ta biyu ita ce hawa mataki-mataki. A makarantar sojan laima ta Fort Benning da ke Amurka, horon mako uku ne: makon farko a ƙasa ana koyon faɗuwa da mirginawa, na biyu a kan hasumiya, wadda ƙaramarta ta kai wajen mita 10, na uku kuma a dira sau biyar daga jirgi. Kowane mataki yana koya wa mai gadin ƙwaƙwalwa cewa kugen da ya buga ya fi haɗarin girma. Likitocin ƙwaƙwalwa ma da wannan dabara suke warkar da masu tsoron tudu ko tsoron shiga jirgi. Guje wa abin tsoro kuwa ƙara masa ƙarfi yake yi.

Ta uku ita ce maimaitawa har hannu ya haddace. Tunda tunani ne ke fara rauni a lokacin firgita, sai a mai da aikin ceton rai ya zama ɗabi’ar jiki: ƙirga daƙiƙu, ɗaga kai a duba laima, kai hannu ga maɗaurin ta biyu idan ta farko ta ƙi. Ɗalibai sukan ƙosa da yawan maimaici, amma yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.

Ta huɗu ita ce numfashi. Mai firgita yakan yi haki, hakin ya fitar da iskar kabon fiye da kima daga jini, sai jiri da tsikarin yatsu su biyo baya, su kuma su ƙara masa firgita. Maganin shi ne a ja iska a hankali ta hanci, a sake ta a hankali fiye da yadda aka ja ta. Dogon sakin numfashi yana motsa jijiyar da ke rage gudun zuciya. Wannan ita ce ƙofa mafi sauƙi da mutum ke da ita zuwa ga tsarin da ba ya bin umarninsa.

Ta biyar, wadda ta fi yi wa ɗan Hausa nauyi, ita ce faɗa. A 2007 Matthew Lieberman da abokansa a Jami’ar Kalifoniya da ke Los Anjalas sun nuna cewa idan mutum ya ambaci sunan wani yanayi na zuciya, motsin amigdala yakan ragu. Ɗalibin da ya ce wa malaminsa yana jin tsoro ya rage wa kansa kaya, ya kuma ba malamin damar sa masa ido. Malamin kansa wajibi ne ya natsu, domin tsoro yana yaɗuwa. Wani bincike na Jami’ar Stony Brook a 2009 ya nuna cewa gumin waɗanda suka yi dirar farko yana motsa amigdalar wanda ya shaƙe shi, ko da bai san abin da ya shaƙa ba.

Gurguwar hanya

Inda aka toshe wa yaro hanyar faɗin tsoronsa, yakan nemi wata. Kano ta san wannan hanya sarai: ƙwaya da kayan maye, waɗanda wasu matasa ke sha don su ji ƙarfin hali. Yawan shan maganin tari mai kodin ne ya sa gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018. Abin da ƙwaya ke yi shi ne kashe kugen, tare da dusashe hankalin da zai yanke shawara da hannun da zai zartar. Wanda ya hau jirgi ko babur ko tsanin gini a wannan hali ya rasa tsoron da ke kare shi, bai kuma sami ƙwarewar da za ta maye gurbinsa ba. Al’ummar da ke yi wa mai jin tsoro dariya tana da hannu a cikin wannan ciniki.

Sabo turken wawa

Mai yiwuwa wani ya ce, ai duk da haka ƙarshen horo shi ne a daina jin tsoro gaba ɗaya. Tarihin haɗurran wannan wasa bai goyi bayansa ba. Da yawa daga waɗanda suka rasu a shekarun baya-bayan nan ƙwararru ne, kuma laimarsu ta buɗe lafiya lau. Abin da ya kashe su shi ne juya laima da ƙarfi kusa da ƙasa don burgewa ko don ganin sun saba. Sabon shiga yakan duba maɗaurinsa sau uku, wanda ya dira sau dubu kuwa yana iya ganin ya wuce nan. Ɗan tsoron da ya rage a zuciyar gwani shi ne ke sa shi ya ci gaba da dubawa, kuma ranar da ya ƙare ita ce ranar da ya kamata abokansa su fara damuwa da shi.

Kammalawa

Mafi yawan ’ya’yan Gwammaja ba za su taɓa ɗaura laima ba, amma kowannensu zai tsaya a bakin wata ƙofa irin wannan: maniyyaciyar da za ta shiga jirgi karon farko, ɗalibin likita a ɗakin tiyata, yaron magini a hawa na huɗu, mai koyon tuƙi a titin Katsina. Jikinsu duka abu ɗaya zai yi, kuma magani ɗaya ne: bayani na gaskiya, hawa a hankali, maimaici, numfashi, da malamin da za a iya gaya wa gaskiya. Ya kamata makarantun sakandare su sa wannan cikin darasin kiwon lafiya, masu horar da soja da iyayen gida a wuraren sana’a kuma su daina auna yaro da ko gabansa ya faɗi, su auna shi da abin da hannunsa ya yi bayan ya faɗi. Karin maganar magabata yana nan daram idan aka fahimce shi daidai: matsoracin da ba ya zama gwani shi ne wanda ya juya baya ya ƙi komawa. Wanda ya ji tsoro, ya faɗa, ya koyi aikinsa, sannan ya sake hawa, shi ne ake kira gwani bayan shekaru.