Jarabar Kallon Batsa: Nasiha Ga Malamai Da Almajiran Ƙasar Dutse

Da sunan Allah mu ke farawa. Godiya ta tabbata gare Shi, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, tun daga Garu har Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Gwaram, ku ba ni aron hankalinku bisa wata magana wadda kowa ya san da ita, amma ba mai son a ji ta daga bakinsa. Ita ce maganar kallon hotuna da finafinan batsa cikin wayar hannu, da yadda kallon nan kan zame wa mutum jaraba, har ya nemi bari ya kasa. Na sani akwai masu cewa wannan zance bai dace da takardar da malamai ke karantawa ba. Ni kuwa na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malaman fiƙihu ba su ji nauyin bayanin janaba da haila ba, domin jama'a na bukatar sani. Abin da na ke so in tabbatar muku shi ne, ɓoyo ne abincin wannan cuta, kuma farkon maganinta shi ne mai ita ya sami malamin da zai iya gaya wa ba tare da an tozarta shi ba.

Ku tuna yadda abin ya zo mana. Sa'ad da aka yanke Jigawa daga Kano a 1991, aka mai da Dutse babban birni, wanda ke son ganin irin wannan ƙazanta sai ya nemi kaset da akwatin bidiyo da wuta da ɗakin da ba kowa. Wahalar nan da kunya su ne katangar da ta tsare yawancin yara. A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya. A 2007 wani guntun fim na tsiraici ya bazu a Kano daga waya zuwa waya, gari ya ɗauka, hukumar tace finafinai ta tsananta dokokinta. Amma hukuma tana iya rufe shago, ba ta iya shiga aljihun kowa. Yanzu waya ta yi yawa, data na sayuwa da kuɗi kaɗan, aboki na tura wa aboki abin da ya ga dama, katin memori kuwa bai kai farce girma ba. Katangar ta faɗi, abin yana kwana ƙarƙashin matashin kai.

To, ku sani ba dukan wanda ya taɓa kallo ne ya kamu da cuta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin kundinta na cututtuka na 11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a 2022, ta sa ciwon kasa riƙe sha'awa, kallon batsa kuwa yana cikin hanyoyin da ya ke bayyana. Alamominsa su ne abin ya mamaye rayuwar mutum har ya yi sakaci da lafiyarsa da karatunsa da sana'arsa, ya yi ta ƙoƙarin bari yana kasawa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da ya ke yi masa, ya ci gaba ko da ya daina jin daɗinsa, kuma haka ta daɗe, kamar wata 6 ko fiye. Likitoci ma suna da saɓani irin na malamai. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ba ta yarda ta sa shi cikin littafinta na 2013 ba, Hukumar Lafiya kuwa ta ajiye shi a babin kasa riƙe kai, ba ta haɗa shi babi ɗaya da shan ƙwaya ba. Saboda haka kada mu yi saurin cewa daidai ya ke da giya ko ƙwaya.

Akwai wani sharaɗi cikin kundin nan da ya kamata malami ya lura da shi. Sun ce in damuwar mutum duka daga nadama ce, watau yana ganin ya yi saɓo, wannan kaɗai bai isa a kira shi majinyaci ba. Kada wani ya ɗauka sun halatta abin. Hukuncin shari'a dabam, hukuncin likita dabam, umarnin runtse ido kuma yana nan cikin Suratun Nuri, aya ta 30 ga maza, ta 31 ga mata. Fa'idar sharaɗin ita ce mu rarrabe mutum biyu. Ga almajirin da ya faɗa sau biyu ko uku, ya firgita, yana zaton ya halaka. Wani masani a Amurka, Joshua Grubbs, ya nuna a 2015 cewa masu riƙo da addini sun fi saurin kiran kansu kamammu, ko da kallonsu bai fi na saura yawa ba. Wannan almajiri tuba ya ke bukata da sa rai ga rahamar Ubangiji. Ga kuma wanda ya shekara uku yana rantsuwa yana karyawa, barcinsa ya lalace, karatunsa ya tsaya. Wannan yana bukatar tuba, yana kuma bukatar jinya.

Sa'an nan yaya abin ke kama mutum? Cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da a ke kira dofamin, wanda ke zaburar da mutum ga neman abin da ya taɓa yi masa daɗi, ya kuma ɗaura abin da wurin da lokacin da aka same shi. Sabon abu na ƙara tayar da shi, waya kuwa sabonta ba ya ƙarewa. A 2014 wata likita a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Valerie Voon, ta gwada maza 19 masu wannan jaraba da maza 19 marasa ita. Ta tarar kwaɗayin masu jarabar ya fi ƙarfi ƙwarai, amma jin daɗinsu bai fi na sauran ba. Ashe dai mutum na iya ƙishirwar abin da ba ya kashe masa ƙishirwa. Kamar turba ce a gona: ƙafa ɗaya ba ta yin hanya, amma in aka yi ta bi, sai ƙafa ta riƙa bin ta ko da mai ita bai yi nufi ba. Damuwa ko kaɗaici ko zaman banza su zo, ya kalla, ya sami sauƙi na ɗan lokaci, nadama ta biyo, ya ɓoye, ɓoyon ya ƙara masa damuwa, ya koma. Malamanmu ba su jahilci wannan ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya ware babi guda cikin Ihya bisa karya sha'awar ciki da ta farji. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751, ya rubuta Ad-Da'u wad-Dawa'u don amsa tambaya bisa mutumin da wata jarraba ta kama ya kasa fita, ya kuma lissafa kallo a farkon ƙofofin da saɓo ke shigowa.

Ɓarnarsa a fili ta ke. Wanda ya raba dare da waya ba ya tashi asuba da ƙarfi, hadda ba ta zama a kan da bai yi barci ba. Kuɗin da za a sayi sabulu ko littafi ya tafi ga data. Mai aure ya riƙa auna matarsa da abin da aka shirya don ciniki, ya guje mata, ita kuwa ta zauna tana tuhumar kanta da laifin da ba nata ba. Waɗanda a ke kallo kuma 'ya'yan wasu ne, akwai waɗanda aka ɗauka ba da yardarsu ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta mai da ajiye hoton batsa na yara ko tura shi laifin da a ke ɗaure mutum a kansa. Amma kada mu ƙara wa gaskiya ƙarya. Masu tallar magani da lasifika a kasuwanni suna cewa abin yana makantarwa, yana haukatarwa, yana hana haihuwa, don su sayar da kwalba. Likitoci ba su tabbatar da haka ba, yaron da aka tsorata da ƙarya kuwa, ranar da ya gane, sai ya zubar da gaskiyar tare da ita.

Magani uku na ga jama'a na rugawa gare su, ban yarda da ko ɗaya shi kaɗai ba. Na farko duka da mari. Mun ga abin da ya fito a 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fid da ɗaruruwan maza da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, daga baya aka buɗe irinsa a Daura. Bulala tana koya wa yaro ɓoyo ne, ɓoyo kuwa shi mu ke yaƙi da shi. Na biyu tona asiri gaban aji ko bisa mumbari. Ranar da malami ya kunyata ɗaya, ya rufe bakin goma da ke shirin zuwa. Na uku a ce a yi masa aure ya huta. Aure alheri ne, kuma garkuwa ne, amma ɗabi'ar da ta yi saiwa tana bin ango har ɗakin amarya, magidanta da yawa suna cikin wannan hali. Kada a mai da 'yar mutane kwalbar magani.

To, mene ne abin yi? Ga malamai, ina roƙonku ku faɗa wa almajiranku a fili cewa wanda wannan abu ya dama ya zo, za a rufa masa asiri. In ya zo, ku fara yabon zuwansa, domin ba ƙaramin jihadi ya yi ba. Ku tambaye shi tun yaushe, da wane lokaci, da abin da ke gabatar kallon, da abin da ya rasa saboda shi. Maganarsa amana ce, sai fa in akwai yaron da a ke cutarwa, wannan ba a rufe shi. Malamai mata na Islamiyya su buɗe irin wannan ƙofa ga 'yan mata, domin su ma abin na samunsu, kunyarsu kuwa ta fi nauyi. In kun ga alamomin nan sun cika, ko mutum ya shiga baƙin ciki mai tsanani, ko yana zancen kashe kansa, ku raka shi asibiti, kamar na Rasheed Shekoni a Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, a nemi a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma yana da sashensu. Suna da jinyar zance, wadda a ke koya wa mutum gane abin da ke tunzura shi da yadda zai sake hanya. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne.

Ga ku almajirai, ku gaya wa mutum ɗaya amintacce. Ku hana waya kwana inda ku ke kwana. Ku goge abin da ke ciki, ku fita daga zaurukan da a ke tura shi, ku sa makullin da ke tare shafukan batsa, wani ya riƙe muku lambar. Ku gane sa'ar da abin ke zuwa, ku cika ta da tilawa cikin jama'a ko sana'a ko ƙwallo. In kwaɗayin ya taso, kada ku kwanta kuna kokawa da shi. Wani masani, Daniel Wegner, ya nuna a 1987 cewa tunanin da aka danne da ƙarfi yakan dawo da ƙarfi. Ku tashi, ku yi alwala, ku fita inda mutane su ke, kwaɗayi yakan hau ya sauka da kansa. Wanda ya yi wata guda ya sake faɗawa, kada ya ce aikinsa ya rushe, ya tashi ya koma ga amintaccensa a ranar. Sannu ba ta hana zuwa.

Iyaye kuma su jinkirta ba yaro wayar intanet, su yi masa bayani tun kafin aboki ya riga su, domin icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ina roƙon kowane malami da wannan takarda ta isa gare shi ya karanta ta ga manyan almajiransa cikin makon nan, ya kuma sanar da su lokacin da za a same shi shi kaɗai.

Allah Ya tsare idanunmu da zukatanmu, Ya yaye wa wanda ya kamu, Ya ba malamanmu haƙuri da riƙon amana. Haza wasalam.