Gyaran soro: wa zai ɗauki nauyin ɗan haya?

Ruwan damanar 2024, wanda ya kada tsohon masallacin Birni a Damagaram cikin watan Satumba, ya tuna wa kowa cewa ginin ƙasa yana da ranarsa. A Damargu ma ruwa ƙalilan ne, amma in ya zo da ƙarfi, azara ba ta da tabbas. Sai mai gida ya aiko yaro: a kwashe kaya, magina na zuwa. Kuɗin wata kuwa yana nan yana jira.

Ɗan kasuwar Tanut da ke hayar kanti ko mangazar hatsi ya fi ƙarfin wannan aike, ko da bai sani ba. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, aka kuma sabunta a Lome a 2010, ta ɗora manyan gyare-gyare a wuyan mai gida: bango, azara, rufi, katanga, har ramin masai. Aya ta 106 ta ce a rage kuɗin haya gwargwadon kwanaki da wurin da aka hana shi. In ciniki ya tsaya cak, yana iya neman alƙali ya dakatar da hayar har a gama aiki, ko ya warware ta. In mai gida ya ƙi gyara, aya ta 107 ta ba alƙali ikon yarje wa ɗan haya ya yi, a bisa aljihun mai gida. Hayar baka ma haya ce a idon wannan doka.

Ma'aikacin gwamnati bai kai shi sa'a ba. Tsohon kundin dokar da aka gada daga Faransa, a aya ta 1724, bai yi zancen ragi ba sai aiki ya wuce kwana 40. Faransa kanta ta maida shi kwana 21 tun 2014. In gida bai zaunuwa, abin da aka ba shi shi ne damar fita.

Fita zuwa ina? Babu ɗaya cikin ayoyin nan da ta tilasta mai gida ya samar da masauki. A Belbeji, da ta zama gunduma mai kanta a 2011 bayan an cire ta daga Tanut, malamin lakwal baƙo ba ya da dangin da za su ba shi ɗaki. Mafitarsa takarda ce kafin ya ɗaga tabarma, a gaban shaidu biyu ko mai unguwa: ranar fita, ranar komowa, da cewa sabon yaɓe ba zai zo da sabon farashi ba.