Kafin a Zargi Kik, a Dubi Batir

Zuwa ga Edita,

Ga abin da na gani a Karfi makon jiya. Motar noman wani dattijo ta ƙi tashi, ga damina ta sauka. Har ya ƙudura sayar da bijiminsa ya sayo sabon kik a Funtua.

Na ce a kunna fitila, a murɗa makulli. Sai hasken ya dushe. Ashe kan batir ne ya ci tsatsa. Muka wanke shi da ruwan kanwa, muka ɗaure tam, nan take ta tashi. Da hasken bai dushe ba, sa'an nan a tuhumi kik.

Rashin sani ya fi dare duhu, jama'a. Haza wasalam.

Akawu, Karfi.