Yamai zuwa Damagaram: awa biyu a sama, yini guda a ƙasa

Tsakanin Yamai da Damagaram, in aka miƙe ta sama, tazarar ba ta wuce kilomita 750 ba. A kan hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ke ratsa Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Tasawa, nisan ya kusa kilomita 900. Bas ɗin da ya tashi da asuba sai yamma ko dare yake isa, alhali jirgin sama kan yi tafiyar cikin kimanin awa biyu.

Jiragen da aka saba gani a wannan layi masu farfela ne, irin Fokker 50 da kamfanin Niger Airlines ya soma aiki da su a 2014. Gudunsu wajen kilomita 500 ne a awa, wato awa ɗaya da rabi, sai a ƙara lokacin tashi da sauka. Babban jirgi zai fi sauri, amma kujerunsa sun haura ɗari, kuma cika su a kowace tafiya shi ne wuya. In jirgin ya yada zango a Maraɗi ko Agadas, lokacin ya ƙaru. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazo na iya jinkirta sauka.

Sai dai ainihin matsalar ba gudun jirgi ba ce. Mafi yawan al'ummar Nijar suna nesa da babban birni. Ƙidayar 2012 ta nuna jihohin Damagaram da Maraɗi ne suka fi yawan jama'a, kowace da mutum sama da miliyan uku. Amma tun da aka mayar da fadar mulki daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, ma'aikatu, ofisoshin jakadanci da manyan likitoci suka taru a yamma. Mai neman biza ko maras lafiyar da aka tura babban asibiti, tikitin jirgi ya fi ƙarfinsa, domin ya ninka kuɗin bas sau da yawa. In ma yana da halin biya, jirgin da ba ya tashi kullum na iya sa shi jiran da ya fi tafiyar mota tsawo. Shi ya sa 'yan kasuwar Damagaram da dama ke fuskantar filin jirgin Kano, mai nisan kilomita 240 kacal, duk da wahalhalun iyaka.

An sabunta filin jirgin Diori Hamani a 2019, gab da taron Tarayyar Afirka, ƙofar shiga ƙasa ta yi kyau. Abin da ya rage shi ne cikin gida. Kamfani mai zaman kansa ba zai daɗe a layin da fasinja ya yi ƙaranci ba sai da tallafin hukuma, ko ta rage haraji a kan tikiti da man jirgi, ko ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikatanta. Muddin ba a samu jadawali tsayayye da farashi mai sauƙi ba, awa biyun nan ta 'yan tsiraru ce, talaka kuwa yininsa na kan hanya.